Rigar Ceto Mai Lamba Tara

Akwai wata mata a garinmu na Puerto Ayora mai suna Yadira Cedeño. Jagorar baƙi ce a ɗaya daga cikin jiragen alfarman nan da ke zagaya tsibiran Galapagos da masu yawon buɗe ido. Jirgi ne fari tas mai ɗakuna kaɗan. In baƙo ya dawo daga tsibiri, tun kafin ya cire takalmi an miƙa masa tawul mai sanyi da ruwan lemo.

Yadira ta iya aikinta, babu mai musun wannan. Ta san inda damon teku ke shan hantsi, ta san lokacin da tsuntsaye masu shuɗin ƙafa ke rawar neman aure. Turanci a bakinta kamar a cikinsa aka haife ta. Aibinta ɗaya ne, ba ta da haƙuri da mai nawa.

A wata tafiya ta lokacin zafi, cikin baƙin akwai wani dattijo, Don Eleuterio Armijos, da matarsa Doña Zoila. Mutanen Loja ne, daga can cikin duwatsu. Shi tsohon malamin firamare ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa yara sunayen tsibiran nan daga hoton da ke manne a bangon aji, bai taɓa taka ko ɗaya ba. 'Yarsu da ke aiki a Sifen ce ta biya musu tafiyar.

Sauran baƙin duk Turawa ne. Saboda Don Eleuterio kaɗai, dole Yadira ta faɗi komai sau biyu, da Turanci sannan da Sifaniyanci. Ga shi da tambaya, ga shi da tsayawa kallon abin da kowa ya wuce. Tun rana ta biyu ta fara jin nauyinsa.

Ran da abin ya faru, da sassafe jirgi ya tsaya a gefen tsibirin Santiago, inda babu wanda ke zaune. Doña Zoila ba za ta sauka ba saboda ciwon gwiwa. Ta rako mijinta har bakin matakala, ta yafito Yadira.

"'Yata, ga tsohona nan, amana na ba ki. Ba ya cewa ya gaji, ba ya cewa yana jin ƙishi. Ko wuta ce ta kama wandonsa, sai ya gama gaishe ki kafin ya faɗa."

"Zoila, kina zubar mini da girma a gaban hukuma," in ji Don Eleuterio.

"Wane girman? Sa hularka."

Yadira ta yi murmushin aiki. "Kada ki damu, Doña. Yana hannuna."

Akwai wata al'ada da kowane jagora a nan ya sani. In ƙaramin kwale-kwale ya sauke baƙi a tsibiri, kowa zai cire rigar cetonsa, wadda ke hana mutum nutsewa, ya ajiye a kan dutse. Kowace riga tana ɗauke da lambar ɗakin mai ita. In an dawo, kowa da hannunsa zai ɗauki tasa. Ba wanda ke ɗaukar wa wani, ko miji da mata ne. Dalilin a fili yake: in riga ta rage a kan dutse, to mutum ya rage a tsibiri.

Ayari biyu aka yi. Yadira ta ja na gaba. Abokin aikinta Nixon, wani dogo mai yawan barkwanci, ya biyo da na baya. Don Eleuterio ya ninke rigarsa mai lamba tara, ya ajiye a tarin ayarin Yadira.

Hanyar zobe ce, tana shiga cikin tsibiri ta zagayo ta dawo bakin ruwa. An kafa mata ƙananan turaku masu farin fenti dama da hagu, kuma dokar hukumar tsibiran ce ba a tsallake su. Ba su yi nisa ba Don Eleuterio ya hango wani ɗan tsiro mai ƙaya da ya fito daga tsagar baƙin dutse. Murna ta kama shi. Bai san lokacin da ya ɗaga ƙafa ya tsallake turke ba.

"Malam!" Muryar Yadira ta sa kowa ya juyo. "Kai da ka koya wa yara bin layi, yau kai ne ba ka iya ba? Waɗannan turakun ba ado ba ne. Ba a tsallake su, ko mene ne dalili. Ka ji ni?"

Ta juya ta faɗi wani abu da Turanci, baƙin suka yi dariya. Dattijon bai ji abin da ta ce ba, amma ya ji dariyar. Ya dawo kan hanya, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Kin yi gaskiya, 'yata. Ba zan sake ba."

A tsakiyar hanyar akwai wani fili da jagorori ke kira Tanderu. Dutse ne da ya narke ya kwararo daga cikin ƙasa tun zamanin kakanni, ya daskare baƙi ƙirin. Babu itace, babu ciyawa. Da hantsi ya ɗaga, zafi yakan taso daga ƙasa ya haɗu da na sama. A nan Don Eleuterio ya fara ja da baya. Yana tafiya yana dafa gwiwa, bai ce komai ba.

Sai oba-obar da ke kafaɗar Yadira ta yi ƙara. Kyaftin Jaramillo ne daga jirgi.

"Jagorori, manyan kifayen nan masu fesar da ruwa sun fito ta yamma, uwa da ɗanta. Ku dawo da mutanenku yanzu. In sun nutse ba ruwana."

Baƙin suka rikice da murna. Akwai waɗanda wannan kifin ne ya kawo su daga ƙarshen duniya. Yadira ta dubi ayarinta, ta dubi dattijon da ke can baya yana numfashi da baki.

"Malam, ka zauna nan ka huta. Nixon na tafe a bayanmu, zai taho da kai."

"Ina iya ƙoƙartawa, 'yata."

"A'a. Ka zauna nan, kada ka motsa. Kuma kada ka tsallake turaku. Za a zo a ɗauke ka."

Ya zauna a kan dutse kusa da wani turke, ya ɗora 'yar gorar ruwansa a cinya. Yadira ta kai hannu za ta kira Nixon a oba-oba, sai wata baƙuwa ta ja ta da tambaya. Ta ce a ranta ai hanya ɗaya ce, dole ya gan shi. Ta ja mutanenta suka ci gaba da zagaye.

Abin da ba ta sani ba, Nixon ma ya ji kiran kyaftin, kuma bai kai Tanderu ba tukuna. Juyawa ya yi da ayarinsa ta inda suka fito.

Da Yadira ta iso bakin ruwa, Nixon da mutanensa har sun koma jirgi. Igiyar ruwa ta fara tsananta, kwale-kwale na hawa yana sauka a gefen dutse. Baƙi suka taru a kan tarin riguna, kowa na juya wannan yana duba lamba. Haƙurinta ya ƙare. Ta sunkuya ta rungumi tarin gaba ɗaya, ta watsa cikin kwale-kwale.

"Ku shiga, kowa ya sa a ciki!"

Segundo, matuƙin kwale-kwalen, ya ɗaga kai. "Yadira, ba haka ake yi ba fa."

"Ka tuƙa kawai, Segundo. Yau kaɗai ne."

Sun ga kifayen. Jirgi ya bi su can yamma, uwar na juyi, ɗan na bin gefenta. Baƙi suka yi ta ihu, wata har da hawaye. Wani ya rungumi Yadira ya ce ita ce jagorar da ta fi kowa. Tsibirin Santiago ya yi ta ƙanƙancewa a bayansu har ya zama kamar tabo a kan ruwa.

Rana ta take tsaka aka buga ƙararrawar abinci. Yadira na zaune da farantin shinkafa da kifi a gabanta, sai ga Doña Zoila ta shigo tana dogara sanda, da ƙwayar magani a tafin hannunta.

"'Yata, ina kika ajiye mini tsohon? Na ɗan kishingiɗa barci ya ɗauke ni. Na duba sama wajen littattafai ba ya nan, ga lokacin maganinsa ya wuce."

"Ai da Nixon ya dawo, Doña."

Nixon ya tsaya da cokali a hannu. "Da wa? Ni ban kai Tanderu ba ma. Ba a ayarinki yake ba?"

Yadira ba ta san yadda ta tashi ba. Ta sauka matakala da gudu zuwa bayan jirgi, inda Segundo ke wanke kwale-kwale. Kafin ta buɗe baki ya ga fuskarta. Ya sunkuya ya laluba ƙarƙashin benci, ya zaro riga guda, jiƙaƙƙiya, har yanzu a ninke. Ya juya ta. Lamba tara.

Ta dafa ƙarfen jirgi.

A ɗakin tuƙi, Kyaftin Jaramillo ya riga ya juya kan jirgin. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, kuma wannan ya fi ihu ban tsoro. Ya kira hukuma, suka ce jirginsu na can nesa, ba zai iso ba sai rana ta faɗi.

"Mu ne kawai," in ji shi. "Wa ya gan shi a ƙarshe, kuma a ina?"

Nixon ya dubi Yadira, tausayinta ya kama shi.

"Kyaftin, tsofaffin nan ka san su. Wataƙila ya ratse ne. Kowa ya ce tun da safe ya tsallake turaku, sai da Yadira ta tsawata masa."

Kyaftin ya gyaɗa kai. "In ya ratse, ruwa zai nema. Duk wanda ya ɓata a nan gaɓa yake bi. Za mu sauka ta rairayin kudu, mu bi gaɓa muna kira."

Yadira ta ji maganar ta shiga kunnenta kamar an buɗe mata ƙofa. Ba wanda ya ji abin da ta faɗa wa dattijon, da Sifaniyanci ta yi maganar, baƙin kuma hankalinsu na kan kifi. In ta yi shiru, laifin tsoho ne da ya ratse. In ta yi magana, lasisinta ya tafi, kuma a garin nan jagorar da ta bar baƙo a tsibiri ba mai sake ɗaukarta.

Amma ta san rairayin kudu. Ta san in suka bi gaɓa, rana za ta faɗi ba su ko kusanci Tanderu ba. Ta kuma san abin da Tanderu ke yi wa mutum da tsakar rana.

"Bai ratse ba, Kyaftin."

Suka juyo.

"Ni na zaunar da shi a tsakiyar Tanderu. Na ce kada ya motsa, Nixon zai taho da shi. Ban kira Nixon ba. Kuma ni na kwashe rigunan daga kan dutse."

Nixon ya sunkuyar da kai. Kyaftin ya dube ta.

"Wannan maganar za mu yi ta daga baya," ya ce. Ya juya ga mai riƙe da sitiyari. "Mashigar arewa, inda muka sauke su da safe. Ka ba shi duk wutar da yake da ita."

Jirgin alfarma ba don gudu aka ƙera shi ba, ga shi ruwa na tura su baya. Yadira ta tsaya a goshin jirgi tana kallon tsibirin da ya ƙi matsowa. Ƙarfen da ta dafa har ƙona hannu yake. In nan ke nan, a kan ruwa, da iska, yaya can?

Ta ji ƙarar sanda a bayanta. Doña Zoila ce. An riga an faɗa mata.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta tsaya kusa da Yadira tana kallon inda take kallo.

"Ruwa nawa ne a hannunsa?"

"Gora ɗaya, Doña."

"Babba ko ƙarama?"

"Ƙarama."

"Akwai inuwa a wurin?"

Yadira ta tuna akwai wani ɗan kogo a gefen hanya, inda dutse ya rufta ya bar rami mai sanyi. Ta kama wannan tunanin da hannu biyu.

"Akwai, Doña. Kusa da inda yake. Zai gan ta, zai shiga."

Tsohuwar ta juyo ta dube ta a karo na farko. "Me kika ce masa daidai?"

"Na ce ya zauna, kada ya motsa."

Doña Zoila ta rufe ido. Leɓunanta suka fara motsi, tana kiran Budurwa Maryamu. Da ta buɗe ido sai ta kama hannun Yadira, ta zuba mata ƙwayar maganin, ta naɗe mata yatsu a kai.

"Ba ki san shi ba, 'yata. Ki kai masa wannan."

La'asar ta kusa lokacin da suka iso. Tun daga nesa suka ga abin da suke tsoro. Ruwa ya janye, dutsen da suka sauka a kai da safe ya yi sama, igiya na dukansa tana tashi fari fat. Kyaftin ya raba aiki: Nixon da likitan jirgi da ma'aikata biyu su zagaya ta wani rairayi, hanya mai tsawo, da gadon ɗaukar marar lafiya. Segundo ya gwada mashigar arewa da Yadira.

Ta cika jakar baya da gorunan ruwa, ta ƙulle maganin a leda. Da ta miƙa hannu za ta ɗauki rigar ceto, mai lamba tara ce a kusa. Ita ta sa.

Segundo ya kusanta, igiya ta ɗaga su ta nufi dutse da su, ya ja da baya da ƙyar. Ya sake, haka. Ya share ruwa daga fuskarsa.

"Ba zai yiwu ba, 'yar'uwa. Zai farfasa mu kamar ƙwai."

"Ba sai ka taɓa dutse ba. Ka kai ni kusa kawai."

"Kin haukace? In kin mutu a nan, gawa biyu zan kai wa wa?"

"Segundo, don Allah. Don girman uwarka."

Ya zagi teku, ya zagi ranar da ya bar kamun kifi. Sannan ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa.

"In na ce tafi, ki tafi. Kada ki tsaya tunani, tunda dama ba ki saba ba."

Ya jira wata babbar igiya ta wuce, ya danna inji a bayanta. "Tafi!"

Ta faɗa ruwa. Igiya ta ɗauke ta ta maka a jikin dutse. Ta kama da hannu, ruwa ya fizge ta, ta sake kamawa. Dutsen nan kaifi gare shi kamar fasasshiyar kwalba. Da ta hau sama, tafin hannayenta da gwiwoyinta duk jini ne, takalmi ɗaya ya yage. Ba ta tsaya dubawa ba.

Ta bi turaku da gudu. Jakar na dukan bayanta, zafi na shigowa ta yagaggen takalmin. Hanyar da ta sha bi tana hira da baƙi, yau ta ƙi ƙarewa. Ta faɗi, ta tashi. Ta fara kiran sunansa tun kafin ta kai inda zai iya ji.

"Malam! Don Eleuterio!"

Ba amsa sai iska. A ranta tana ta roƙon abu ɗaya: Allah ya sa ya saɓa mata. Allah ya sa ya raina maganarta ya tashi ya shiga kogon.

Da ta hau gangaren ƙarshe, Tanderu ya buɗe a gabanta, iska na rawa a kansa saboda zafi. Ta dubi bakin kogon. Ba kowa.

Sai ta ga hula.

Yana nan inda ta bar shi. Ya zame daga kan dutsen ya jingina da turke, kansa ya langaɓe. Gorar na gefensa babu ko ɗigo, wasu ƙananan tsuntsaye na tsattsagar bakinta. Kogon na nan a gabansa, da inuwarsa baƙa mai sanyi, kusa ƙwarai, har jifa da hula zai kai. Turaku ne kawai a tsakaninsu.

Ta durƙusa. Fatarsa zafi kamar tukunya, kuma a bushe, babu gumi. Leɓunansa sun tsattsage. Ta sa kunne a ƙirjinsa, ta ji zuciya na bugawa da sauri, can ƙasa-ƙasa.

"Na same shi!" ta yi ihu a oba-oba. "Yana numfashi! Ku yi sauri, don Allah ku yi sauri!"

Muryar likita ta zo tana yankewa: inuwa, a jiƙa shi, kada a ɗura masa ruwa sai ya farka.

Ta saƙalo hannu ta ƙarƙashin hammatarsa, ta ja shi ta tsallake turakun, har cikin kogon. Ta cire rigar ceton ta tallafe masa kai. Ta kwance maɓallan rigarsa, ta zuba ruwa a wuyansa da ƙirjinsa da kansa, tana yi masa fifita da hularsa. Gora ta ƙare, ta buɗe wata. Tana yi tana magana, ba ta ma san me take cewa ba.

"Kada ka yi mini haka, Malam. Doña Zoila na jira. Ta aiko da maganinka. Ka tashi ka yi mini tambaya, ko guda ɗari ne zan amsa."

An daɗe. Sannan fatar idonsa ta motsa. Ta jiƙa gefen rigarta ta ɗiga masa a leɓe, ya lasa. Ya buɗe ido, amma kallonsa ya wuce ta, bai gane ta ba.

"Malam, ga inuwa a gabanka," ta ce. "Me ya hana ka shiga?"

Da ƙyar maganar ta fito.

"Tana bayan turaku, 'yata."

Ya juya ido a hankali, ya ga rufin dutse a samansa, ya ga fararen turakun can waje. Tsoro ya bayyana a fuskarsa. Ya laluba ya kama hannunta mai jini.

"Mun tsallake. Kada ki faɗa wa jagorar nan. Na yi mata alkawari."

Yadira ta kifa kanta a kan dutse ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun tana yarinya. Haka Nixon da likita suka same su.

Don Eleuterio ya rayu. An kai shi asibitin garinmu, daga nan aka wuce da shi Guayaquil a jirgin sama, domin zafin ya taɓa masa ƙoda. Har yau bai koma yadda yake ba.

Yadira ta maimaita wa hukuma abin da ta faɗa wa kyaftin, ba ta rage komai ba. Aka karɓe lasisinta. Ta koma taya yayarta sayar da miyar kifi da rogo a kasuwa, mutanen da suka saba gaishe ta da girma suna wucewa suna kallon gefe.

Ta bi Don Eleuterio da matarsa har Guayaquil. Ranar farko Doña Zoila ta tare ƙofar ɗakin da sandarta.

"Ba yau ba."

Washegari ma haka. Yadira ta zauna a bencin waje, ba ta tafi ba. Wata safiya tsohuwar ta fito ta tsaya a kanta.

"Kyaftin ya kira ni. Ya ce da kin yi shiru, ba wanda zai taɓa sani, kuma da gawarsa za a ɗauko. Ban ce na yafe ba, wannan sai a hankali. Amma shiga, ya dame ni da tambayarki."

Yana kwance, ya rame, an sa masa robar ruwa a hannu. Wannan karon ya gane ta. Ta buɗe baki za ta fara ba da haƙurin da ta kwana tana shiryawa, ya ɗaga yatsa kamar yadda ake yi wa ɗalibi.

"Wannan daga baya. Kifayen nan, kun gan su?"

"Mun gan su, Malam."

"Uwa da ɗanta?"

"Uwa da ɗanta."

"To ja kujera ki ba ni labari. Tun daga farko, kada ki tsallake komai." Ya gyara kwanciya. "Kuma a hankali, 'yata. Kin san ni ba na sauri."

Ta ja kujera ta zauna.

Darasi: Wanda ka ga yana nawa a bayanka amana ne, ba kaya ba. Ƙa'idar da ka ce "yau kaɗai" za ka karya, wataƙila ita ce ke riƙe da ran wani. Ka kuma kula da yadda kake tsawatawa, domin akwai masu ɗaukar maganarka da nauyin da kai ba ka ba ta ba. In kuwa ka riga ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya tun tana da amfani, ko da za ta ci maka abin da kake taƙama da shi. Ku tura wa duk wanda aka ba amanar mutane, ko a gida ko a wurin aiki, ya karanta.